Gundumar Los Angeles: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙasarta, Mulkinta da Mutanenta

Sunan Los Angeles abubuwa biyu ne ke amsa shi. Akwai birnin da kowa ya sani, akwai kuma gundumar da birnin ke cikinta, wadda ta fi shi faɗi, ta fi shi jama'a, ta kuma fi shi kuɗi. Masu kawo labarai kan cakuɗa su, har mai sauraro ya ɗauka cewa magajin garin Los Angeles ne ke mulkin duk mutanen yankin, alhali ikonsa bai kai ko kan rabinsu ba. Tambayoyin da ke biye sun shafi gundumar ne.

Mece ce gunduma a tsarin mulkin Amurka?

Gunduma ita ce matakin mulki da ke ƙarƙashin jiha. Amurka tana da gundumomi da makamantansu sama da 3,000, jihar Kalifoniya kuma tana da 58. Ana iya kwatanta gunduma da ƙaramar hukuma, amma kwatancin ba ya zuwa nesa, domin a cikin gunduma ɗaya akan sami birane masu yawa, kowanne da majalisarsa da magajin garinsa da dokokinsa, kuma gunduma ba shugabar waɗannan birane ba ce. A Kalifoniya gunduma hula biyu take sawa. A gefe guda ita wakiliyar jiha ce, mai gudanar da zaɓe, da rajistar haihuwa da aure da mutuwa, da gidajen yari, da tallafin marasa ƙarfi, ga duk wanda ke zaune cikin iyakarta, ko a birni yake ko a wajen birni. A ɗaya gefen kuma ita ce hukumar gari ga mutanen da unguwanninsu ba su cikin kowane birni.

An kafa gundumar Los Angeles ranar 18 ga Fabrairu, 1850, tana cikin gundumomi 27 na farko a Kalifoniya, watanni kaɗan kafin a karɓi Kalifoniyar a matsayin jiha a watan Satumba na shekarar.

Mene ne girmanta, kuma da wa ta yi iyaka?

Faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita 12,300 idan an haɗa da ruwa, tsandaurinta kaɗai kuwa kimanin 10,500 ne, wato kusan girman ƙasar Gambiya. Birnin Los Angeles bai ɗauki fiye da kimanin murabba'in kilomita 1,300 a ciki ba. Ta yamma gundumar ta yi iyaka da Ventura, ta arewa da Kern, ta gabas da San Bernardino, ta kudu maso gabas da Orange, sauran kuma Tekun Fasifik ne, gaɓarsa ta haura kilomita 110. A da ta fi haka girma nesa ba kusa ba. An yanki San Bernardino daga jikinta a 1853, wani sashe ya shiga Kern a 1866, sannan Orange ta ɓalle a 1889.

Shin duk gundumar birni ne?

A'a, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba baƙo mamaki. Jerin tsaunukan San Gabriel ya ratsa gundumar daga yamma zuwa gabas ya raba ta gida biyu. Kudu da tsaunukan ne akasarin jama'a suke, a filin da ya shimfiɗa zuwa teku da kuma manyan kwaruruka biyu, kwarin San Fernando da kwarin San Gabriel. Arewa da tsaunukan kuwa hamada ce, yankin da ake kira kwarin Antelope, wanda ɓangare ne na hamadar Mojave, inda biranen Lancaster da Palmdale suke. Tsauni mafi tsawo shi ne San Antonio, wanda mutanen wurin suka fi sani da Baldy, tsawonsa mita 3,068, kuma dusar ƙanƙara kan rufe kansa da hunturu. Mutum yana iya tsayawa a bakin teku da riga mai gajeren hannu yana hango wannan farin tsauni, tafiyar da ba ta fi ta 'yan sa'o'i a mota ba.

Gundumar tana kuma da tsibirai biyu. Santa Catalina yana da nisan kimanin kilomita 35 daga gaɓa, a cikinsa akwai ƙaramin birnin Avalon da ke rayuwa da masu yawon buɗe ido. San Clemente kuwa yana hannun sojojin ruwan Amurka, farar hula ba sa zama a can.

Daga ina mutane miliyan goma ke samun ruwa a wuri mai ƙarancin ruwan sama?

Wannan tambaya ita ce mabuɗin tarihin yankin, domin ba don ruwan da aka jawo daga nesa ba, da Los Angeles ba ta wuce matsakaicin gari ba. Ruwan saman da ke sauka a tsakiyar birnin bai wuce kimanin milimita 370 a shekara ba, kuma akasin abin da aka saba a ƙasar Hausa, daminarsu da sanyi take zuwa, daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin zafi kuwa ƙasa a bushe take.

A 1913 aka kammala doguwar hanyar ruwa mai tsawon kimanin kilomita 375, ƙarƙashin jagorancin injiniya William Mulholland, wadda ta kwaso ruwan kwarin Owens daga gabashin tsaunukan Sierra Nevada, ba tare da famfo ba, gangara kawai ke tura shi. Wakilan birnin sun riga sun sayi gonaki da haƙƙin ruwa a kwarin a asirce, kuma kafin shekarun 1920 su ƙare tafkin Owens ya ƙafe ya zama filin ƙura, manoman wurin kuma suka yi ta fasa bututun da nakiya saboda takaici. Ruwan na birni ne ba na gunduma ba, sabili da haka duk garin da ke so ya sha sai ya yarda birni ya haɗiye shi. Ta haka akasarin kwarin San Fernando ya shiga birnin a 1915, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa taswirar birnin ta zama mai kwane-kwane. Aikin Mulholland ya ƙare da baƙin ciki, domin madatsar St. Francis da ya gina ta ɓalle a daren 12 ga Maris, 1928, ta hallaka mutum sama da 400.

Daga baya aka ƙara manyan hanyoyi biyu, ɗaya daga kogin Colorado wadda ta fara kawo ruwa a 1941, ɗaya kuma daga arewacin Kalifoniya a farkon shekarun 1970. Shi kuwa kogin Los Angeles, bayan ambaliyar 1938 da ta ci rayuka sama da 100, injiniyoyin soja suka shafe mafi yawan tsawonsa da kankare, har ya koma kamar makeken kwalbati. Da rani, akasarin ruwan da ke gudana a cikinsa ruwan amfanin gidaje ne da aka tace.

Mutum nawa ke zaune a gundumar?

Ƙidayar 2020 ta sami mutum 10,014,009. Babu gundumar da ta kai ta a Amurka, domin mai bi mata, wato Cook inda Chicago take, tana da miliyan 5.3 ne kawai. Gundumar Los Angeles ita kaɗai ta fi jihohi 40 na Amurka jama'a idan aka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Kalifoniya a cikinta suke. Birnin Los Angeles yana da 3,898,747 a wannan ƙidaya, abin da ke nufin mutum shida cikin kowane goma na gundumar ba 'yan birnin ba ne. Long Beach ce ta biyu da 466,742, sai Santa Clarita da Glendale.

Yaya aka yi jama'a suka yi wannan yawa?

Asalin mazauna wurin su ne ƙabilun Tongva da Tataviam da Chumash. Limaman mishan na Sifaniya sun kafa sansanin San Gabriel a 1771, sannan ranar 4 ga Satumba, 1781, mutum 44 da suka taso daga arewacin Meksiko suka kafa ƙauyen da ya zama Los Angeles. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne fiye da rabin waɗannan mutane suna da jinin Afirka. Yankin ya koma hannun Meksiko a 1821, sannan Amurka ta karɓe shi bayan yaƙi, bisa yarjejeniyar 1848.

A ƙidayar 1850 mutum 3,530 aka samu a duk gundumar. Jirgin ƙasa ya iso a 1876, layi na biyu ya biyo a 1885, kamfanonin biyu suka shiga gasar karya kuɗin tikiti, jama'a suka yi ta kwararowa daga gabas da tsakiyar ƙasar. A 1900 an kai 170,298. Daga nan abubuwa suka zo a jere: gonakin lemo, man fetur da aka fara haƙowa a cikin birnin a 1892, masana'antar fim da ta kafu a Hollywood a shekarun 1910, sai kuma ƙera jiragen sama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya jawo ma'aikata daga ko'ina, har da baƙaƙen fata masu yawa daga jihohin kudu irin su Texas da Louisiana. A 1930 jama'a sun haura miliyan 2.2, a 1950 sun haura miliyan 4.1, a 1960 kuma sun haura miliyan 6. Bayan sauya dokar shige da fice ta Amurka a 1965, mafi yawan ƙaruwar daga ƙasashen waje ta riƙa zuwa.

Waɗanne irin mutane ne mazauna gundumar a yau?

Babu jinsin da ya kai rabi. A ƙidayar 2020, 'yan asalin Latin Amurka, waɗanda mafi yawansu tushensu Meksiko ne, sun kai kimanin kashi 48 cikin ɗari. Farar fata da ba 'yan Latin ba kimanin kashi 26 ne, 'yan asalin Asiya kusan kashi 15, baƙaƙen fata kuma ƙasa kaɗan da kashi 8. Kimanin mutum ɗaya cikin uku a wata ƙasa aka haife shi, kuma fiye da rabin jama'a suna magana da wani harshe da ba Ingilishi ba a cikin gidajensu, Sifaniyanci ne a gaba.

Alƙaluma ba sa nuna yadda abin yake a ƙasa kamar allunan shaguna. A Monterey Park da maƙwabtanta na kwarin San Gabriel, mutum zai yi tafiya mai nisa yana ganin rubutun Sinanci a ƙofar banki da kantin magani da gidan abinci. A Glendale Armeniyawa ne suka yi kaka-gida, a Westwood Iraniyawa, a wani yanki na Long Beach 'yan Kambodiya da suka gudo daga yaƙi, a tsakiyar birni kuma akwai unguwar 'yan Koriya. A kan titin Fairfax akwai ɗan gajeren zango da ake kira Ƙaramar Habasha, mai cike da gidajen abincin Habashawa. Musulmi ma sun daɗe a yankin, Cibiyar Musulunci ta Kudancin Kalifoniya tun farkon shekarun 1950 take, Masallacin Sarki Fahad da ke Culver City kuma an buɗe shi a 1998.

Gaskiya ne jama'ar gundumar na raguwa?

Gaskiya ne. Ƙiyasin da ya biyo bayan 2020 ya nuna adadin ya sauko zuwa kimanin miliyan 9.7. Babban dalili shi ne tsadar gidaje, wadda ke tura iyalai zuwa gundumomin San Bernardino da Riverside, ko jihohin Nevada da Arizona da Texas. Haihuwa ma ta ragu.

Wa ke mulkin gundumar?

Mutum biyar. Su ne majalisar masu kula da gunduma, wadda aka kafa tun 1852, kowannensu yana wakiltar mazaɓa ɗaya mai kimanin mutum miliyan 2. Wa'adinsu shekara huɗu ne, kuma tun 2002 aka taƙaita su zuwa wa'adi uku a jere. Kafin wannan doka mutum kan daɗe a kujera har ya tsufa. Kenneth Hahn, wanda ginin majalisar ke ɗauke da sunansa, ya yi shekara 40, daga 1952 zuwa 1992.

Abin da ya bambanta wannan majalisa da sauran shi ne ikon yin doka da ikon zartarwa duk a hannunta suke. Su ke rubuta dokokin gunduma, su ke amincewa da kasafin kuɗi, su ke naɗa shugabannin ma'aikatu su kuma sauke su, har ma sukan saurari ƙararraki kan izinin gini. Akwai babban jami'in gudanarwa, amma su ke ɗaukarsa aiki. Shugabancin majalisar ma kewayawa yake yi a tsakaninsu. Saboda haka aka daɗe ana yi musu laƙabi da ƙananan sarakuna biyar. Laƙabin ya sauya jinsi a ƙarshen 2020, lokacin da kujerun biyar duka suka koma hannun mata a karon farko. Bayan zaɓen 2024, masu riƙe da su su ne Hilda Solis, da Holly Mitchell, da Lindsey Horvath, da Janice Hahn, da Kathryn Barger.

Mutum biyar ba su yi kaɗan ga mutum miliyan goma ba?

Sun yi kaɗan ƙwarai, a ganina, kuma hujjar a fili take. Lokacin da aka tsara majalisar, jama'ar gundumar 'yan dubbai ne. Yau kowane ɗan majalisa yana wakiltar mutanen da suka ninka na ɗan majalisar wakilan tarayyar Amurka fiye da sau biyu. Neman irin wannan kujera yana cin kuɗi mai yawa, wanda ke kai kuma da wuya a kayar da shi.

Ƙarancin kujerun ya kuma sa shata iyakokin mazaɓu ya zama makami. A 1990 wata kotun tarayya ta yanke hukunci cewa an raba unguwannin 'yan asalin Latin Amurka tsakanin mazaɓu da gangan domin kada su iya fitar da nasu. Bayan an sake shata iyakoki, Gloria Molina ta ci zaɓe a 1991. A yanzu wani kwamiti mai zaman kansa ne ke wannan aiki, ba 'yan majalisar ba.

Masu zaɓe sun sha yin watsi da shawarar ƙara kujeru, galibi saboda tsoron ƙarin kashe kuɗi kan 'yan siyasa. A Nuwamba 2024 ne suka amince, da ƙaramin rinjaye, da gyaran kundin gundumar. Gyaran ya tanadi kafa hukumar ɗa'a, da zaɓen shugaban zartarwa na gunduma kai tsaye daga 2028, da ƙara kujerun majalisa zuwa tara a 2032. Wanda ya hau sabuwar kujerar shugaban zartarwa zai shugabanci jama'ar da ta fi ta mafi yawan gwamnonin Amurka. Masu sukar gyaran suna cewa an rage ikon sarakuna biyar ne kawai aka miƙa shi ga sarki ɗaya, kuma maganar tasu ba abin yarwa ba ce.

Wane ne sherif, kuma mene ne bambancinsa da 'yan sandan birni?

Sherif, wanda sunan muƙaminsa ba shi da alaƙa da sharifi na zuriyar Manzo duk da kamar lafazi, shi ne babban jami'in tsaro na gunduma, kuma jama'a ke zaɓensa. Yana cikin jami'ai uku da duk gundumar ke zaɓa, tare da babban mai gabatar da ƙara da jami'in ƙiyasta darajar kadarori. Rundunar 'yan sandan Los Angeles ta birni ce, a cikin birni kawai take aiki. Rundunar sherif kuwa, wadda ita ce mafi girma irinta a Amurka, tana sintiri a yankunan da ba su da hukumar birni da kuma birane kusan 40 da suka ɗauke ta kwangila, tana gadin kotuna, tana kuma riƙe da gidajen yarin gundumar, waɗanda su ma babu gundumar da ta kai su yawan tsararru. Da yawa daga cikin tsararrun masu taɓin hankali ne, har akan ce kurkukun gundumar shi ne asibitin ƙwaƙwalwa mafi girma a ƙasar.

Tun da zaɓaɓɓe ne, sherif ba yaron majalisa ba ne, ko da yake ita ke ba shi kuɗi, kuma wannan ya sha haifar da takun-saƙa. An sami tsohon sherif Lee Baca da laifi a 2017 kan yi wa binciken hukumar FBI zagon ƙasa game da cin zarafin fursunoni, aka yanke masa ɗaurin shekara uku. A 2022 masu zaɓe suka ba majalisa ikon tsige sherif idan huɗu daga cikin biyar suka amince, a wannan zaɓen kuma Robert Luna ya hau kujerar.

Me ya sa birane suka kai har 88 a gunduma ɗaya?

Dalilan sun bambanta. Tsofaffin birane irin su Pasadena da Long Beach da Santa Monica suna da ruwansu ko kuɗinsu, sai suka ƙi shiga Los Angeles. Beverly Hills ma haka, ga shi yau Los Angeles da West Hollywood sun kewaye ta. Hollywood kanta ba birni ba ce, unguwa ce da ta shiga Los Angeles a 1910.

Babban sauyi ya zo a 1954 daga Lakewood, wata sabuwar unguwa da aka gina gidaje kimanin 17,500 masu kama da juna cikin 'yan shekaru. Mazaunanta ba su so Long Beach ta haɗiye su, ba su kuma da halin kafa rundunar 'yan sanda da ta kashe gobara. Sai suka kafa birni mai majalisa da 'yan ma'aikata kaɗan, suka sayi sauran ayyuka daga gunduma bisa kwangila. Bayan shekara biyu jiha ta ba birane damar karɓar kaso daga harajin saye da sayarwa, nan take dabarar ta bazu, gomman birane suka ɓullo. Na ƙarshe shi ne Calabasas a 1991.

Wasu biranen ma ba don mazauna aka yi su ba. Vernon gari ne na masana'antu da rumbunan ajiya, dubban ma'aikata ke shiga kowace safiya, amma mazaunansa 222 ne a ƙidayar 2020. Ƙananan birane da babu jaridar da ke sa musu ido kan zama wurin ɓarna. A 2010 aka gano cewa manajan birnin Bell, garin talakawa mai mutum kimanin 35,000, yana karɓar albashin kusan dala 800,000 a shekara, daga baya aka ɗaure shi.

Mutanen da ba su cikin kowane birni fa?

Sun kai kimanin miliyan ɗaya, a unguwanni sama da 100, kuma ƙasar da ba ta cikin birni ta kai kusan kashi biyu cikin uku na gundumar, ko da yake akasarinta tsauni ne da hamada. Amma ba duka ne ƙauye ba. Gabashin Los Angeles, mai mutum kusan 119,000, cike yake da jama'a kamar kowace unguwa ta birni, an yi ta ƙoƙarin mai da shi birni ba a yi nasara ba. Mazaunin irin wannan wuri ba shi da magajin gari ko kansila. Idan titinsa ya lalace, wanda zai kai wa kuka shi ne ɗan majalisar da ke da mutum miliyan 2 a wuyansa.

Waɗanne ayyuka gunduma ke yi, kuma daga ina take samun kuɗi?

Kasafin kuɗinta ya haura dala biliyan 45 a shekara, ma'aikatanta kuma sun haura 100,000. Mafi yawan aikinta kan waɗanda ba su da gata yake. Dokar jiha ta ɗora wa gundumomi nauyin wanda ba shi da mai taimakonsa, don haka gundumar ke gudanar da manyan asibitoci huɗu, da kula da yaran da aka raba da iyayensu, da lauyoyin da ke kare wanda ba shi da kuɗin lauya, da tallafin dala 221 a wata ga baligin da ba shi da komai, kuɗin da bai isa hayar ɗaki na mako guda ba. Har bayan mutuwa ba ta sake su. Gawar da ba a sami mai karɓa ba akan ƙone ta a ajiye tokar shekara uku, idan babu wanda ya zo, a watan Disamba a binne su gaba ɗaya a kabari guda a maƙabartar gunduma da ke Boyle Heights, malaman addinai daban-daban su yi addu'a. Adadinsu kan haura 1,000 a shekara.

Mai hali ya fi haɗuwa da gunduma a ƙananan abubuwa, kamar katin zaɓe, ko takardar aure, ko ɗan allon nan mai harafin A ko B ko C da ake liƙawa a tagar gidan abinci tun 1998 domin nuna sakamakon binciken tsafta.

Kaso mai yawa na kuɗin daga gwamnatin jiha da ta tarayya yake zuwa, ɗaure da sharaɗin abin da za a yi da shi. Kuɗin da majalisa ke da 'yancin sarrafawa galibi daga harajin gidaje da filaye ne, wanda ƙuri'ar raba gardama ta 1978 ta taƙaita zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na darajar kadara, ta kuma hana darajar tashi fiye da kashi biyu a shekara sai an sayar. Sakamakon haka, maƙwabta biyu masu gida iri ɗaya, wanda ya saya a 1985 da wanda ya saya bara, harajin na biyun kan ninka na farkon sau da yawa.

Tashar jiragen ruwa da filin jirgin sama da makarantu na gunduma ne?

A'a. Tashoshin jiragen ruwa na Los Angeles da Long Beach, waɗanda a haɗe suka fi kowace tasha a Amurka karɓar kwantena, mallakar biranen biyu ne. Babban filin jirgin sama na birnin Los Angeles ne. Makarantu suna ƙarƙashin hukumomin ilimi kimanin 80 masu zaɓaɓɓun shugabanni, kotuna kuma na jiha ne. Jiragen ƙasa da bas-bas suna hannun hukumar Metro da aka kafa a 1993, wadda 'yan majalisar gunduma biyar ke zaune a kwamitinta tare da magajin garin Los Angeles da wakilan sauran birane.

Wa ke da alhakin marasa matsuguni?

Kowa da kowa, kuma a nan matsalar take. Ƙidayar 2024, wadda masu aikin sa-kai suka yi cikin dare a watan Janairu, ta sami mutum 75,312 marasa matsuguni a gundumar, kimanin 45,000 daga cikinsu a birnin Los Angeles. Birane ke da iko kan filaye da izinin gina gidaje da tsaftar tituna, gunduma kuma ke da lafiya da kula da masu taɓin hankali da masu shaye-shaye. A 1993 birni da gunduma suka kafa hukumar haɗin gwiwa bayan doguwar jayayya kan wanda nauyin ya rataya a wuyansa. Masu zaɓe sun amince da ƙarin haraji a 2017, suka ninka shi a 2024, amma bincike ya nuna rauni wajen bin diddigin kuɗin, har a 2025 majalisar gunduma ta yanke shawarar janye kuɗinta ta kafa ma'aikatarta.

Waɗanne bala'o'i suka fi yi wa gundumar barazana?

Girgizar ƙasa da gobarar daji. Babbar tsagar ƙasa ta San Andreas ta bi ta gefen Palmdale, akwai kuma ƙanana masu yawa ƙarƙashin unguwanni. Girgizar Long Beach ta 1933 ta rushe makarantu da dama, abin da ya sa aka tsaurara dokar ginin makarantu a duk jihar. Ta Northridge, da asubahin 17 ga Janairu, 1994, mai ƙarfin 6.7, ta kashe aƙalla mutum 57, ta karya gadojin manyan tituna.

Gobara kuwa tana tafe ne da iskar Santa Ana, busasshiyar iska mai ƙarfi da ke gangarowa daga hamada ta ratsa tsaunuka da kaka da hunturu. Ranar 7 ga Janairu, 2025, bayan watanni babu ruwan kirki, wuta biyu suka tashi rana ɗaya. Ɗaya ta cinye unguwar Pacific Palisades ta shiga Malibu, ɗayar kuma ta faɗa wa Altadena a gindin tsaunukan San Gabriel. Gine-gine sama da 16,000 suka ƙone, mutum kimanin 30 suka mutu. Altadena wuri ne da baƙaƙen fata da dama suka mallaki gidaje tun shekarun 1960, lokacin da ake hana su saye a wasu unguwanni, kuma mafi yawan waɗanda suka mutu a can a yammacin garin suke, inda sanarwar ficewa ta makara da sa'o'i. Da aka zo sake gini, mutumin Pacific Palisades ya nufi ofishin birnin Los Angeles neman izini, mutumin Malibu ya nufi hukumar garinsu, mutumin Altadena kuwa, da yake garinsu ba birni ba ne, sai ofishin gunduma.